Gilashin Rumawa: kofin sarki ko kwalbar talaka?

Ɗan Kimiyya:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai wani kofin gilashi a gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan, ana ce masa kofin Laikurgus. Aikin Rumawa ne na ƙarni na 4 Miladiyya, tsayinsa kimanin santimita 16. In haske ya dake shi ta gaba kore ne, in aka sa fitila a bayansa sai ya koma ja. Gidan tarihin ya saye shi a 1958, amma sai a 1990 aka duba gutsurensa da madubin ƙara girma mai aiki da lantarki, aka ga ƙwayoyin azurfa da zinariya warwatse a cikin gilashin, kowace ƙwaya kimanin nanomita 70 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Azurfar kashi 330 ce cikin miliyan, zinariyar kashi 40. A ganina Rumawa ba su bar wani abu a fannin gilashi da ya kai wannan kofi ba. Mutanen nan sun san kimiyyar da mu sai yanzu muke karanta ta a jami'a. Me kuka gani?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam. Kofin ya isa a tsaya a kalle shi, wannan babu ja. Amma ban yarda sun san abin da ke gudana a cikinsa yadda kai ka sani ba. Gilashin Rumawa mai sauya launi da ya iso zamaninmu 'yan ƙalilan ne, yawancinsu gutsattsari, kuma launinsu bai zo ɗaya ba. Wanda ya mallaki sirrin abu yakan maimaita shi. Su dai sun dace da wani haɗi, suka gane darajarsa, suka miƙa wa gwanin sassaƙa.

In ana neman abin da ya fi girma a gilashin Rumawa, ni ƙaramar kwalbar mai zan nuna, irin wadda ake tonowa dubbai a kaburbura daga Siriya har Ingila. A dā gilashi kayan fada ne da na gidajen bauta. Tun wajen 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) mutanen Masar da na Iraƙi suna yin kwalabe, amma dubi wahalar: a cuɗa yumɓu da kashin dabbobi a kan sandar ƙarfe, a ba shi siffar cikin kwalbar, a naɗe shi da zaren narkakken gilashi, in ya huce a ƙwaƙule yumɓun ta baki. Duk wannan don kwalba ɗaya, ƙarama, mai kaurin jiki. Sai wani a ƙasar Sham, wajen shekara ta 50 kafin Miladiyya, ya gane cewa gilashi mai zafi yana kumbura in aka hura masa iska. A wani tono da aka yi a tsohon Birnin Ƙudus a 1971 an ci karo da jujin wani wurin aikin gilashi, a ciki akwai 'yan bututun gilashi da aka toshe bakinsu ɗaya aka hura ta ɗayan. Shi ne mafi daɗewar shaidar wannan sana'a da aka samu. Kafin a cika shekara 80 da gano hurawar, marubucin nan Istirabo yana cewa a birnin Rum da kwabon tagulla ɗaya kana sayen kofin gilashi. Wannan shi ne abin mamaki, ƙanena.

Jikan Maƙera:
Allah ya gafarta Malam, ni hurawar nake son in fahimta. A maƙera na tashi, na san yadda ƙarfe yake in ya yi ja. Amma abin da yake narkakke, yaya za a ɗauko shi a kan bututu bai tsiyaye ba? Kuma da wane irin zugazugi suke kai wuta wannan matsayi?

Baƙon Jamus:
Yayana, wannan na gani da idona. A jihar Saarland ta nan Jamus akwai wani wuri, Villa Borg, inda aka sake gina gidan gonar wani attajirin zamanin Rumawa, har da tanderun gilashi na yumɓu, kuma masu sana'a kan zo su kunna shi su yi aiki yadda aka yi a dā. Babu zugazugi. Busasshen itace ne ake ta zurawa ba dare ba rana, tanderun da kansa yake jan iska, zafi ya haura digiri 1,000.

Gilashi ba ya narkewa farat ɗaya ya zama ruwa. Laushi yake yi sannu a hankali, ya yi danƙo, kuma a wannan danƙon ake aiki. Mai hurawa zai zura bakin bututun ƙarfe cikin tukunyar, ya murza shi ya naɗo curi. Daga nan hannunsa ba ya daina juya bututun, don da ya tsaya curin zai rinjaya gefe guda. Sai ya mulmula shi a kan shimfiɗaɗɗen dutse ya daidaita, bayansa ya ɗan huce ya yi fata, sannan ya hura. Numfashi kaɗan ne, ba ƙarfi ake sawa ba. In yana son dogon wuya ya sunkuyar da bututun ƙasa ya lilo shi, nauyin gilashin ya ja kansa. In ya fara tauri ya mayar bakin wuta. Da awartaki yake matse wuya, ya danna gindi ya zauna.

Inda ya fi burge ni shi ne gyaran baki. Ai bakin kwalbar ne ke manne da bututu. To sai yaron aiki ya kawo wata sandar ƙarfe da ɗan ɗigon gilashi mai zafi a kanta, a manna ta a gindin kwalbar, a taɓa wuyan da ƙarfe mai sanyi ko ɗigon ruwa, a ƙwanƙwasa, sai ta rabu da bututun. Yanzu ta gindi ake riƙe da ita, a gasa bakin a naɗe leɓensa. Shi ya sa a gindin kwalaben Rumawa da yawa za ka ga wani ɗan tabo zagayayye. Hannu kuwa wani curin ake ɗigawa a kafaɗa, a ja shi da awartaki a maƙala a wuya. Ƙaramar kwalba mintuna kaɗan ne an gama. Sai a sa ta a wani ɗakin tanderun mai ɗumi ta kwana tana hucewa. In ta huce da gaggawa tsagewa za ta yi ko ba wanda ya taɓa ta.

A nan Turai an samu fitilun yumɓu na ƙarni na 1, a Kuroshiya da Italiya da Sulobeniya, masu zanen mutum zaune gaban tanderu yana hura kwalba. Irin su ake dubawa wajen gina waɗannan tanderun gwaji.

Jikan Maƙera:
Madalla. Wato mu muna jira ƙarfe ya yi laushi mu doke shi, su kuma suna tsere da gilashi kafin ya daskare. Wannan sanyayawar a hankali na gane ta sarai. Amma yashi fa? Na sha ganin yashi a cikin wutar maƙera, ban taɓa ganin ya narke ba.

Ɗan Kimiyya:
Ba zai narke ba, Yaya. Yashi zalla sai zafi ya kai wajen digiri 1,700, wutar itace kuwa ba ta zuwa nan. Abin da ke sauko da shi kusa da 1,100 shi ne kanwa. Rumawa daga Wadin Natrun suke samunta, wani kwari mai tafkuna tsakanin Alƙahira da Iskandariyya, inda ruwa ke ƙafewa ya bar ta a kwance. A gilashinsu kusan kashi 70 cikin 100 sinadarin yashi ne, kashi 15 zuwa 20 na kanwa, sai ɗan abin da bai kai kashi 10 ba na sinadarin kalsiyam. Wannan na ukun shi ne mai riƙe gilashin. In babu shi ruwa zai riƙa cin gilashin har ya lalace. Sa'ar da suka yi ita ce yashin gaɓar tekun Sham yana gauraye da ɓarɓashin ɓawon halittun ruwa, to abu biyu suke zubawa, na ukun ya shigo da kansa.

Launi kuma: ɗan ƙarfen da ke cikin yashi ne ke sa gilashin yau da kullum ya fito shuɗi-shuɗi kore-kore. In suna son shuɗi mai duhu su sa ma'adinin kobal, tagulla ta ba da kore ko ja, manganis ya ba da shunayya. In kuma garai-garai ake so, sai a kashe launin da antimoni ko da manganis kaɗan. Malam, ku duba wannan fa. Mutanen da suka san duk wannan, za a ce ba su san kimiyya ba?

Malamin Tarihi:
Sun san aiki, sani mai zurfi, wanda uba ke gadar wa ɗa. Sun san in ka zuba kaza za ka ga kaza. Dalilin da ya sa hakan ke faruwa shi ne ilimin da ya zo daga baya. Ban raina na farkon ba, shi ne ma ya ciyar da duniya.

Ɗan Damagaram:
Tsaya tukuna. Kanwa dai tamu, wadda ake kawowa daga Manga da bakin tafkin Cadi, ake jefawa a miyar kuka ana ba dabbobi?

Ɗan Kimiyya:
Danginta ce, Baba. Sinadarin da ake nema a cikinsu ɗaya ne.

Malamin Tarihi:
Har labari Rumawa suke da shi a kanta. Marubucinsu Filini, wanda ya rasu a aman wutar dutsen da ya binne Pompei a shekara ta 79, ya ruwaito cewa wasu fataken kanwa ne suka sauka a bakin kogin Belus kusa da Akka, ba su samu duwatsun murhu ba, suka girka tukwanensu a kan curin kanwa, sai suka ga wani ruwa mai ƙyalli yana gangarowa daga yashi. Tatsuniya ce, wutar girki ba ta isa ba, kuma gilashi ya girmi labarin nesa. Amma wurin da ya ambata da kayan haɗin duk daidai ne.

Ga abin da nake so a riƙe, don shi ne ya sa kwalba ta yi araha. Mai hura gilashi a Italiya ko Jamus ba shi ke dafa yashi da kanwa ba. Wannan aikin a wurare kaɗan ake yinsa, a gaɓar Sham da Masar, kusa da yashi da kanwa. Sukan gina ƙaton tanderu, su zuba tan-tan na haɗi, su yi kwana da kwanaki suna wuta, in ya huce su rushe ginin su farfasa dunƙulen. A Bet Eliyeza kusa da Hadera, a gaɓar Sham ɗin, an tono irin waɗannan tanderu har 17, kowanne yana fitar da tan 8 zuwa 10. Na ƙarni na 7 zuwa na 8 ne, amma tsarin tun na Rumawa ne. A Bet She'arim har yau akwai wani falalen gilashi mai nauyin kusan tan 9 da dahuwarsa ta ɓaci aka bar shi a wurin. Curin gilashin sai a loda a jirgin ruwa. Wani jirgi da ya nutse kusa da tsibirin Embiez a kudancin Faransa, wajen ƙarshen ƙarni na 2 ko farkon na 3, yana ɗauke da sama da tan 15 na ɗanyen gilashi. Don haka mutum da ɗan tanderunsa a bayan gari, in ya sayi curi, ya zama mai masana'anta.

Kuma ba sa yar da fasasshe. Mawaƙin Rum Marshiyal ya ambaci masu yawo a unguwanni suna karɓar fasassun gilasai suna ba da tsinken farar wuta na kunna murhu, kamar dai 'yan jari-bola namu. A wani jirgin da ya nutse kusa da Grado a arewacin Italiya an samu ganga cike da fasasshen gilashi za a kai a narke.

Ɗalibi a Alƙahira:
To Malam, da bakinku kun kawo abin da ke damuna. Hurawa a Sham aka gano ta. Yashi na Sham, kanwa ta Masar, manyan tanderu a Sham da Masar. Gwanin da ya fi kowa suna a ƙarni na 1, Eniyon, wanda yake hura gilashi a cikin mazubi mai zane ya fito da ganyen inabi da sunansa a jiki, da Girkanci yake sa hannu, kuma masana sun fi karkata ga cewa a Saida ta Labanan yake aiki. Wasu ma a hannun kofi suke buga sunansu da na garinsu, kamar Artas mutumin Saida. Me ya rage wa Rumawa ban da sunan? A gidajen tarihi sai ka ga an rubuta gilashin Rumawa, mai kallo ya tafi da zaton Turawan Italiya ne suka ƙago. Ni ina ganin an ci haƙƙin mutanen gabas.

Malamin Tarihi:
Rabin maganarka na karɓa hannu biyu. Hannun na gabas ne, wannan ya kamata a riƙa faɗa da babbar murya. Amma ka tambayi kanka me ya sa dabarar ba ta tsaya a Saida ba. Rum ta haɗiye Siriya a 64 kafin Miladiyya, Masar a 30. Daga zamanin sarki Agustus, Bahar Rum gaba ɗayansa ya koma ƙarƙashin hukuma ɗaya, 'yan fashin teku sun yi sauƙi. Mai sana'a zai tashi daga Sham ya kafa tanderu a Akwileya ta Italiya ko Liyon ta Faransa ko Kolon ta Jamus, ɗanyen gilashi ya biyo shi, sojojin da ke bakin kogin Rayin su saya. Ba don wannan kasuwa ba, da hurawa ta daɗe tana zaman dabarar gari ɗaya. Kuma mutumin Saida na lokacin ai ɗan daular Rum ne. In an ce gilashin Rumawa, daular ake nufi, ba ƙabila ba.

Ɗalibi a Alƙahira:
Na ji, Malam, amma ban sauka ba. Wanda ya buɗe kasuwa daban, wanda ya ƙona fuskarsa a bakin wuta daban.

Uwar Biyu:
Ku bar ni in shigo da masu ƙona fuskar, tunda wasunsu sun bar sunayensu. A Liyon akwai dutsen kabarin wani mai sana'ar gilashi, Yuliyus Iskandar, an rubuta cewa ɗan Afirka ne, mutumin Kartaj, wato Tunisiya ta yau, ya rasu yana da shekara 75. A Linz ta Ostiriya kuma an tono kwalabe masu kusurwa da aka rubuta a gindinsu cewa Sentiya Sekunda ce ke yinsu a Akwileya. Mace ce. Ko ita ke hurawa ko ita ce mai wurin, sunanta ne a jikin kayan.

Ba wani arziki suke yi ba kuma. A shekara ta 301 sarki Diyokilishiyan ya kafa dokar ƙayyade farashi. Laba ɗaya ta ɗanyen gilashin Iskandariyya, wato kimanin giram 327, dinari 24 na kuɗinsu na lokacin. In an mayar da shi kofuna marasa ado, dinari 30. Na ƙasar Yahudiya mai kore-kore 13 ɗanye, 20 in an sarrafa. Leburan gona kuma 25 ne ladansa na yini, ban da abinci. Ku lissafa: dinari 6 ko 7 ne tsakanin saye da sayarwa, a ciki za a sayi itace, a biya yaro, a ɗauke asarar abin da ya fashe. Dole su tsinci kowane ɓarɓashi.

Hajiya Mai Turare:
Sannunku da ƙoƙari, ina ta bin ku. Ni abin da ya shafi sana'ata zan faɗa. Duk mai haɗa humra ta san dalilin da ya sa ba a rabuwa da kwalba. Tukunyar ƙasa tana shan mai tana riƙe ƙamshin jiya, kwanon tagulla yana sauya warin abu, gilashi kuwa ka wanke shi ya koma sabo, kuma kana ganin abin da ya rage a ciki. Ina jin matan Rum abin da suka gani ke nan. Amma na taɓa karanta cewa waɗannan 'yan siraran kwalaben na kaburbura wai hawayen masu makoki ake tarawa a ciki. Haka ne, Malam? Sannan wannan launin bakan gizo da ke jikinsu, da me suke shafa shi? Yana da kyau ƙwarai.

Malamin Tarihi:
Hajiya, barka da shigowa. Maganar hawaye ƙirƙirar mutanen baya ce. Da aka gwada ragowar abin da ke cikinsu, mai da turare da kayan shafa aka samu. Akwai ma wasu da aka hura da siffar tsuntsu, a cika su da hoda a liƙe da wuta, sai mai saye ta karya ƙarshen wutsiyar ta zazzago. Akwai masu siffar dabino, launinsu ma na busasshen dabino. A Falasɗinu ta ƙarni na 4 da na 5 kuma sun yi tagwayen bututu na kwalli, an samu wasu da ragowar kwallin a ciki da 'yar sandar tagulla ta zizarawa.

Ɗan Kimiyya:
Launin bakan gizon kuwa ba su suka sa ba, Hajiya. Aikin ƙasa ne. Danshi yana tsotse sinadarin kanwar daga fatar gilashin shekara da shekaru, ya bar ɓawo siriri a kan ɓawo, haske in ya shiga tsakaninsu ya rarrabu. Mai kwalbar a zamaninta garau ta san ta. Ɓawon yana ɓarewa in an kankare, shi ya sa a gidajen tarihi ba a wanke su da ruwa yadda aka ga dama.

Hajiya Mai Turare:
Ikon Allah. Na gode, ɗana.

Uwar Biyu:
Hajiya, ga wani da zai yi miki daɗi. A 2020 an tono wani kofi na ƙarni na 4 a cikin akwatin gawa na dutse a garin Autun na Faransa, da aka bincika aka ga ragowar anbar a cikinsa. Kofin irin mai raga ne, dangin na Laikurgus ɗin da aka fara da shi: kofi a ciki, ado a waje yana tsaye a kan 'yan siraran ƙafafu, duk gilashi ɗaya. Waɗanda aka sani irinsa a duniya, har da gutsattsari, ba su wuce 'yan gomomi ba.

Jikan Maƙera:
Na ga hotonsu. Ni dai hankalina bai ɗauka cewa sassaƙa wannan raga aka yi daga dunƙule ɗaya ba. Ta ina za a zura abin gogewa a bayan ragar? Na fi zaton tun yana da zafi aka matsa shi a mazubi mai ruɓi biyu, daga baya aka gyara.

Malamin Tarihi:
Ba kai kaɗai ba ne, akwai masana da suka tafi a kan haka. Amma mafi yawa suna kan cewa kofi mai kaurin jiki aka fara yi, ya huce, sannan aka zauna da ƙaramin faifan gogewa da garin dutse ana ci a hankali, kuma gwanayen zamaninmu sun yi irinsa ta wannan hanya sun nuna yana yiwuwa. Akwai kuma wata hujja daga shari'ar Rumawa. Malamin dokarsu Ulpiyan, na ƙarni na 3, ya kawo mas'alar wanda ya ba mai sana'a kofi ya huda masa ado, kofin ya fashe. Ya ce in rashin gwaninta ne mai sana'a zai biya, in kuwa dama akwai tsaga a jikin abin to babu laifinsa, shi ya sa masu wannan aiki sukan sa sharaɗi tun farko cewa asara ba tasu ba ce. Ka ga wannan mas'ala ta abin da aka kawo a sassaƙa ce.

Ɗalibi a Alƙahira:
Wannan ai babin lamunin masu sana'a ne da muke karantawa a fiƙihun Malikiyya, inda ake ɗora wa maɗinki ko maƙeri abin da ya salwanta a hannunsa a bayan idon mai shi. Ashe tsohuwar rigima ce.

Baƙon Jamus:
Masu sassaƙan suna da daraja a wurin hukuma. A 337 sarki Kustantin ya sa su da masu yin gilashi cikin masu sana'ar da aka ɗauke wa aikin gayya na gari, don su samu sukunin koya wa 'ya'yansu. A Landan ɗin kuma akwai tulun Portland na farkon ƙarni na 1, shuɗi mai duhu da aka lulluɓe da farin gilashi aka sassaƙe farin ya bar hotunan mutane. Wani mashayi ya farfasa shi a 1845, sau uku ana sake haɗa shi, na ƙarshe a 1988 zuwa 1989.

Mazaunin Bida:
Jama'a, kuna ta Landan da Jamus, ga Masaga nan a Bida. Unguwa ce guda ta masu gilashi, suna yin munduwa da duwatsun wuya. Yanzu kwalabe suke farfasawa su narke, kowane launi da irin kwalbarsa. Amma a dā da kansu suke dafa wani baƙin gilashi da suke kira bikini, da yashi da kanwa. Su da zugazugi suke aiki, kuma naɗa gilashin suke a kan sandar ƙarfe, ba hurawa ba. Dattawansu suna cewa kakanninsu daga Masar suka taso. A 2021 UNESCO ta sa Bida cikin biranen fasahar hannu. Malam, wannan ba zai zama jinin Rumawan nan ba?

Malamin Tarihi:
Zancen Masar tarihin baka ne na mutanen, a riƙe shi da mutunci a matsayinsa, kada mu ɗora masa abin da su ba su ce ba. Kamar da ka gani kuwa ta gaske ce: yashi da kanwa, masu dafa ɗanye, narkar da fasasshe. Naɗa gilashi a kan sanda ma ya girmi hurawa da shekaru fiye da dubu. Duk wanda ke son ya ga yadda gilashi ke bin hannu a bakin wutar itace, Masaga ta fi masa kusa da kowane gidan tarihi, kuma sana'ar tana bukatar masu saye.

Ɗan Damagaram:
To gilashin Rumawan ya taɓa ƙetaro Sahara?

Malamin Tarihi:
Ya shigo cikinta dai. An same shi a kaburburan Garamantawa, tsoffin mutanen Sahara, a Jarma ta yankin Fezzan a Libiya, da kabarin Tin Hinan, wadda Abzinawa ke ɗauka kakarsu, a Abalessa ta kudancin Aljeriya. Ta bakin Nilu ya kai tsohuwar daular Meroe a Sudan. Ta gabas kuwa ya yi nisa ƙwarai: Bagram a Afganistan, inda aka tono ɗakuna biyu cike da kaya a 1937 da 1939 har da kofi mai hoton hasumiyar Iskandariyya, da kudancin Indiya, da kaburburan sarakunan Silla a Koriya.

Ɗalibi a Alƙahira:
Kuma da daular ta faɗi, sana'ar a gidanta ta ci gaba. Tsakanin ƙarni na 8 da na 9 masu gilashi a ƙasashen Musulmi suka bar kanwar Masar suka koma tokar wasu tsirrai masu fitowa a ƙasa mai gishiri. Raƙƙa ta Siriya, inda Haruna Rashid ya koma da zama a 796, tana da manyan wuraren aikin gilashi. Fitilun masallatan Alƙahira na zamanin Mamluk, masu rubutun ayoyi da ruwan zinariya, jikokin wannan bututun ne. Mutanen Benis ta Italiya ma daga Sham suke sayen tokar. A garin Al-Khalil har gobe ana hura gilashi.

Ɗan Damagaram:
Tambayata ta ƙarshe ga ɗana mai kimiyya. In wani ya ɗebi kanwar Manga da yashin gulbi, zai samu irin gilashin Rumawa?

Ɗan Kimiyya:
Zai samu gilashi, Baba, Masaga sun riga sun nuna haka. Amma kafin ya yi irin nasu sai ya kula da abu biyu. Kanwa kala-kala ce, wata gishirin cikinta ya yi yawa, shi kuma gishiri kaɗan ne ke shiga gilashi, sauran tasowa yake a sama ya zama kumfa sai an kwashe. Sai a zaɓi wadda ta fi ƙarfi, a ƙara yawanta. Na biyu, yashin gulbi ba lallai ya zo da ɓawon halittun ruwa irin na bakin Belus ba, to sai an daka ɓawon dodon koɗi ko farar ƙasa an ƙara, da awo. In ya yi kaɗan gilashin zai riƙa yin gumi yana dusashewa da damina. In ya yi yawa ba zai narke ya yi garau ba, kuma abin da ya ɓata wancan falalen na Bet She'arim ke nan.

Jikan Maƙera:
Tukunyar narkawar fa, wace irin ƙasa ce za ta jure digiri 1,100 ba ta tsage ba?

Baƙon Jamus:
A wuraren aikin Rumawa da dama tukwanen girki na yumɓu mai jure wuta aka samu, gilashi ya daskare a cikinsu. Ba sa daɗewa, gilashin yana cin jikinsu, sai a sauya wata.